Me Ya Hana Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa Isa ga Talaka a Ƙasashe Masu Ƙaramin Ƙarfi?

Duk shekara idan ranar 10 ga watan Oktoba ta zagayo, wato Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, gidajen rediyo kan gayyato likitoci, ƙungiyoyi su fita tattaki, jami'an gwamnati su karanta jawabai, kuma kusan kowa da kira ɗaya yake rufe bakinsa: a wayar wa jama'a da kai domin su daina kai masu taɓin hankali wajen boka ko malam, su riƙa garzayawa da su asibiti. Kiran ba shi da aibi, amma akwai tambayar da ba kasafai ake haɗa shi da ita ba. Idan jama'a suka amsa, suka kwaso marasa lafiyarsu daga ɗakunan da aka kulle su suka nufo gari, wane asibiti ne zai karɓe su, wane ma'aikaci ne zai duba su, kuma da wane kuɗi za su riƙa sayen maganin da wani zai yi shekaru yana sha?

A watan Satumban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa masu fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa sun haura mutum biliyan 1 a duniya, kuma mafi yawansu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, inda akasarinsu ba sa samun kowace irin kulawa. Abin da ke ɗaure kai shi ne magungunan da ake buƙata sun daɗe da samuwa kuma ba su da tsada idan aka kwatanta da na daji ko na ƙoda, sannan hanyoyin kai kulawar har ƙauye an riga an gwada su a Afirka da Asiya an ga amfaninsu. To, ina gizo yake saƙar?

Me ake nufi da lalurar ƙwaƙwalwa?

Rashin fahimta na farko daga kalma yake farawa. Idan aka ce wa mai sauraro "taɓin hankali", hoton da ke zuwa masa shi ne na mutum mai tsumma yana tsince-tsince a bola ko yana jifan yara a bakin kasuwa. Wannan mutumin yana cikin lissafi, amma irinsa ƴan ƙalilan ne a cikin biliyan ɗin da ake magana. Kaso mafi girma masu ciwon damuwa ne da masu fargaba mai tsanani: matar da ta haihu ta kasa jin daɗin jaririnta tana kuka ba dalili, ɗan kasuwar da barci ya ƙaurace wa tsawon watanni har ya daina fita shago, ɗalibin da ƙirjinsa ke bugawa yana jin kamar mutuwa zai yi alhali duk gwaje-gwaje sun nuna zuciyarsa lafiya lau. Akwai kuma firgicin da ke bin wanda ya ga kisa ko aka yi garkuwa da shi, da jarabar shaye-shaye, da gigin tsufa, da lalurar da ke sa mutum ya yi makonni yana rawar kai da ɓarnar dukiya sannan ya faɗa cikin baƙin ciki, da wadda ke sa a riƙa jin muryoyin da babu su. Farfaɗiya ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, amma Hukumar Lafiya ta Duniya takan haɗa ta cikin shirye-shiryenta na wannan fanni, saboda a ƙasashe matalauta ma'aikaci ɗaya ne ke duba su duka, kuma ƙyama iri ɗaya masu ita suke fuskanta.

Giɓin da ke tsakanin masu buƙata da masu samu yana da faɗi ƙwarai. A ƙididdigar hukumar, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon damuwa a ƙasashe masu tasowa ba sa samun magani. Ga masu gushewar hankali mai tsanani kuwa, rahotonta na 2022 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 suna samun kulawa a ƙasashe masu arziki, alhali a matalautan ƙasashe kashi 12 ne kacal.

Kuɗin da babu, da inda ɗan abin da ke akwai yake tafiya

Matsakaicin abin da gwamnatocin duniya ke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne kashi 2 cikin 100 na kasafin kiwon lafiya, kuma adadin ya yi shekaru bai motsa ba. Idan aka raba kuɗin a kan yawan jama'a sai bambancin ya fito fili: ƙasashe masu arziki suna kashe kimanin dala 65 a kan kowane mutum a shekara, matalauta kuwa senti 4, wanda ko ƙwayar maganin ciwon kai ba lalle ya saya ba. Ya kamata a tuna cewa wannan kashi 2 ɗin ana yankar sa ne daga tuwon da tun farko bai cika kwano ba. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ba kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin ƙasa, amma ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika alkawarin, kuma mai masaukin baƙin taron ba ta cikinsu.

Akwai dalilan da suka sa wannan fanni ke zama na ƙarshe a layi. Kwalara da sanƙarau da ƙyanda suna kisa a fili cikin kwanaki, ana ƙirga gawawwaki, jaridu su ɗauka, minista ya kai ziyara. Ciwon damuwa kuwa a cikin ɗaki yake cin mutum, ba ya yaɗuwa zuwa maƙwabta, balle ya tsallaka iyaka ya tsorata ƙasashen da ke ba da tallafi. Manyan asusun agaji na duniya an gina su ne a kan cututtuka sanannu, irin su ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro da shan inna, domin a nan ne mai bayarwa zai iya cewa ga yawan gidajen sauro da aka raba, ga yawan yaran da aka ɗiga wa rigakafi. Rabon lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin tallafin lafiya na duniya bai taɓa wuce ɗan ƙaramin kaso ba, kuma tun da Amurka ta zaftare agajinta a farkon 2025 gasar neman ragowar ta ƙara zafi. Bugu da ƙari, masu wannan lalura ba su da murya a siyasa. Iyalinsu ɓoye su suke yi, saboda haka babu wanda zai fito zanga-zanga a madadinsu, kuma ɗan takara bai taɓa faɗuwa zaɓe don asibitin masu taɓin hankali ya rasa magani ba.

Matsala ta biyu ta fi ta farko sarƙaƙiya. Kusan kashi biyu bisa uku na ɗan kuɗin da gwamnatoci ke warewa yana ƙarewa ne a manyan asibitocin masu taɓin hankali, a albashi da abinci da gyaran gini, domin kula da ƴan ɗaruruwa ko dubban da ke kwance, alhali miliyoyin da ke gida ba su san ana yi ba. Mai karatu zai iya cewa to a rage waɗannan asibitoci a mayar da kuɗin ƙauyuka. Haka masana da yawa ke ba da shawara, amma yin hakan da gaggawa yana da haɗari. A lardin Gauteng na Afirka ta Kudu, hukumomi sun soke kwangilar wata cibiyar jinya mai suna Life Esidimeni domin rage kashe kuɗi, suka kwashe marasa lafiya fiye da 1,000 a shekarar 2016 suka rarraba su ga ƙananan ƙungiyoyin da ba su da lasisin ƙwarai ko kayan aiki, mutum 144 suka mutu, da yawansu saboda yunwa da ƙishirwa da rashin kulawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ma'anar wannan ita ce dole ƙasa ta ɗauki nauyin tsari biyu a lokaci guda na tsawon shekaru, tsohon da ake son ragewa da sabon da ake ginawa, kuma wanda ke kashe senti 4 ba shi da wannan sararin.

Gadon katanga da ƙwaɗo

Tattara komai a asibiti ɗaya mai doguwar katanga ba zaɓin waɗannan ƙasashe ba ne tun asali, gadon mulkin mallaka ne. Gidan tsare masu taɓin hankali na Kissy da ke kusa da Freetown a Saliyo tun 1820 aka kafa shi, na Yaba a Legas kuma a 1907, kuma manufarsu ta farko ita ce kawar da mai taɓin hankali daga titi, ba warkar da shi ba. Dokar da Turawa suka kafa a Najeriya a 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958, tana magana ne a kan yadda za a tsare "mahaukaci", kuma ita ce ta ci gaba da aiki har watan Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Taswirar asibitocin ma ta bi sawun inda Bature ya zauna. A Ghana manyan asibitocin gwamnati uku na wannan fanni, wato na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, don haka mutumin Tamale ko Bawku sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. A arewacin Najeriya sunayen da kowa ya sani su ne Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da asibitin Maiduguri, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Magidancin da ɗansa ya birkice a wani ƙauyen Zamfara ko Yobe zai yi shatar mota, domin direban haya ba zai ɗauki mai fizge-fizge a cikin fasinja ba, zai nemi ƙarti biyu su riƙe shi, zai bar gonarsa kwana da kwanaki, sannan a ce ya dawo bayan wata guda.

Abin takaici shi ne mafitar ta taɓa fitowa daga cikin gida. A shekarar 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansu, su je asibiti da rana su dawo da yamma, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Duniya ta yaba da tsarin, Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, amma ƙasarsa ba ta yaɗa abin da ya ƙirƙiro ba.

Ma'aikata da magani

A matalautan ƙasashe, duk ma'aikatan wannan fanni, daga likita zuwa ma'aikacin jinya zuwa masanin halayyar ɗan Adam, ba su kai 2 ga kowane mutum 100,000 ba, alhali a ƙasashe masu arziki sun haura 60. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma galibinsu a manyan birane suke. Saliyo ta yi shekaru da dama, har da shekarun yaƙin basasarta, da likitan ƙwaƙwalwa guda ɗaya tilo, Dakta Edward Nahim. Samar da irin wannan likita yana cin fiye da shekara goma daga shiga jami'a zuwa ƙwarewa, kuma da zarar ya ƙware sai Ingila da Kanada da Saudiyya, waɗanda su ma suke da ƙarancinsa, su buɗe masa ƙofa da albashin da ƙasarsa ba za ta iya biya ba. Talakan da harajinsa ya koyar da shi ya yi noma, wani ya girbe. Ƙyamar ciwon ma tana shafar mai maganinsa, domin ɗalibin likitanci da ya zaɓi wannan fanni yakan sha zolayar abokai cewa ya zama "likitan mahaukata", har a riƙa yi masa kallon wanda zama da su zai taɓa.

Batun magani gajere ne amma shi ne ke karya gwiwar iyali. Maganin farfaɗiya mafi araha tun 1912 ake amfani da shi, maganin farko na gushewar hankali kuma a Faransa ya fito a farkon shekarun 1950, kuma duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma ba kasafai ake samunsu a asibitin sha-ka-tafi ba, wani lokaci saboda ba a saya ba, wani lokaci saboda dokokin hana fataucin ƙwayoyi sun tsaurara ajiye su, musamman da yake wasu, irin su Exol, sun faɗa hannun masu shaye-shaye. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mara lafiya yake fita, kuma faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ninka farashin magungunan da ake shigowa da su. Iyali su saya wata biyu, mara lafiya ya samu sauƙi, kuɗi ya ƙare, a daina, ciwon ya dawo fiye da da. A nan ne ake yanke hukuncin da kowa ya saba ji: "Wannan ciwon ba na asibiti ba ne."

Shin jahilci ne ke kai mutane wajen malam?

Wannan ita ce gaɓar da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Gaskiya ne cewa a ƙasar Hausa, kamar a sassa da yawa na Afirka da Asiya, mutane suna danganta taɓin hankali da aljanu ko sammu ko kambun baka, kuma matakin farko yakan zama ruƙiyya da rubutu da hayaƙi, a wasu wuraren kuma girka. Amma wanda ya tsaya a nan bai duba abin da malam ke bayarwa wanda asibiti ba ya bayarwa ba. Malam yana cikin unguwa, yana magana da harshen mai ciwo, yana sauraro ba tare da kallon agogo ba, yana karɓar abin da ya sawwaƙa ko da tiyar hatsi ce, kuma sau da yawa yakan riƙe mara lafiya a wajensa, iyali su samu su yi barci. Fiye da haka, bayanin da yake bayarwa ba ya tozarta gida. Idan aka ce aljani ne ya shiga yarinya, laifin daga waje ya zo kuma ana sa ran zai fita. Idan aka ce tana da katin Dawanau, to magana ta shiga binciken aure, za a ce akwai hauka a dangin, ƙannenta ma abin zai shafe su. Uban da ya zaɓi bayani na farko ba lalle ne jahili ba, lissafin rayuwar sauran ƴaƴansa yake yi.

Hujjar da ke nuna cewa imani ba shi ne babban shinge ba ita ce yadda mutanen nan suke yi da sauran cututtuka. Wanda ya yi imani da sammu shi ne dai yake kai matarsa a yi mata tiyata idan haihuwa ta zo da gardama, yana kuma shan rubutu a lokaci guda, ba ya ganin karo a tsakanin biyun. Inda asibiti yake kusa kuma ana ganin aikinsa, mutane suna zuwa.

Wannan ba wanke masu maganin gargajiya ba ne, domin a hannun wasunsu ake aikata mafi munin cin zarafi. A watan Satumban 2019 ƴan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki, sannan aka bankaɗo makamantansa a Daura da wasu garuruwa. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2020 ya samu shaidar ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a ƙasashe 60, a gidaje da wuraren addu'a na Kirista da na Musulmi, har da cibiyoyin gwamnati. Sai dai a lura cewa yawancin waɗanda aka samu a gidajen mari iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya, akasari saboda shaye-shaye. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa ƴan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma gadajen da ake da su na jinyar irin waɗannan ba su kai cikin cokali ba. Mahaifiyar da ɗanta ke zare mata wuƙa idan ya sha, wadda ba ta da kuɗin cibiya mai zaman kanta, me ake so ta yi? Rufe gidan mari wajibi ne, amma idan ba a buɗe wani wuri ba, marin komawa yake yi cikin gida inda ɗan sanda ba ya gani. Indonesiya ta haramta ɗaure masu taɓin hankali tun 1977, kuma har yau ana samun dubbai a ɗaure.

Wani bincike da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya gwada wata hanya: ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa ziyartar marasa lafiyar da ke hannun masu maganin gargajiya da masu addu'a, su ba da maganin asibiti, mai addu'a kuma ya ci gaba da tasa. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Wasu likitoci suna ƙyamar wannan haɗaka, suna ganin halatta abin da ba kimiyya ba ne. A ganina, tun da a can marasa lafiyar suke, likitan da ya ƙi taka ƙofar malam ya zaɓi kada ya gan su ne.

Lokacin da doka ta zama shinge

Fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a duniya kowace shekara, kuma kusan kashi uku bisa huɗu a ƙasashe masu tasowa suke. A Najeriya yunƙurin kashe kai laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari na shekara guda, a ƙarƙashin sashe na 231 na kundin Penal Code a arewa da sashe na 327 na kundin Criminal Code a kudu. Masu goyon bayan barin dokar suna cewa tana tsoratarwa, kuma soke ta tamkar sassauta abin da addini ya haramta ne. Masu neman a soke ta ba sa jayayya da haramcin, abin da suke cewa shi ne wanda ya kai ga shan fiya-fiya likita yake buƙata, kuma tsoron ƴan sanda yana sa iyali su ɓoye shi ko su yi ƙarya a asibiti, ta yadda ba a duba ainihin ciwon, alkaluman ƙasa kuma su nuna kamar matsalar babu ita. Inda babu alkaluma kuwa, mai tsara kasafi ya samu uzurin tsallakewa. Ghana ta cire wannan laifi daga dokarta a 2023, wata babbar kotun Kenya kuma ta ce ya saɓa wa tsarin mulki a watan Janairun 2025.

Hanyar da aka gwada, da muhawarar da ke kanta

Tun da ƙwararru ba za su wadata nan kusa ba, dabarar da ta fi karɓuwa ita ce a koya wa waɗanda ba ƙwararru ba wani yanki na aikin. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikacin jinya da malamin asibiti yadda za su gane lalurorin da aka fi samu, su yi maganin masu sauƙi, su tura masu wuya gaba. A Pakistan an horar da matan da ke bi gida-gida don aikin lafiya a karkarar Rawalpindi su riƙa tattaunawa da masu juna biyu da masu jego da ke fama da damuwa, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna raguwar ciwon sosai. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa a Harare suna sauraron masu abin da Shonawa ke kira kufungisisa, wato yawan tunani. A gwajin da aka wallafa a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, idan aka kwatanta da kusan kashi 50 na waɗanda suka samu kulawar da aka saba. Wani ɓangare na nasarar daga suna yake: babu wanda ke jin kunyar cewa tunani ya yi masa yawa.

Me ya sa, in haka ne, ba a ga benci a kowane asibiti ba? Domin gwaji daban ne, tsarin ƙasa daban. A lokacin gwaji akwai kuɗin bincike, akwai ƙwararren da ke zagayawa duk mako yana duba aiki, akwai alawus, akwai magani a kabad. Idan aikin ya koma hannun ƙaramar hukuma, sai a tarar da ma'aikaciya ɗaya tana awon ciki, tana rigakafi, tana gwajin zazzaɓi, tana cika rajista biyar, ga albashi yana makara, sannan a ce ta ƙara da zaman minti arba'in da mai damuwa. Horon kwana biyar a otal ba tare da mai bibiya ba yakan bi ruwa cikin watanni. Najeriya ta ayyana lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin rukuni na tara na kiwon lafiya a matakin farko tun 1991, kuma fiye da shekara talatin bayan haka abin bai wuce takarda ba a yawancin ƙananan asibitoci.

Akwai masu suka ta wata fuskar. Wasu na cewa wannan tsari jinya ce mai rahusa da aka ware wa talaka, wadda mai kuɗi ba zai yarda a yi wa ɗansa ba. Wasu kuma na tambaya ko daidai ne a kira baƙin cikin matar da ƴan bindiga suka kashe mijinta suka ƙone rumbunta da sunan ciwo, a ba ta ƙwaya, alhali abin da ta rasa tsaro ne da abinci. Wannan suka tana da nauyi, musamman da yake an ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 5 a yankunan da ke fama da rikici yana da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, abin da ya shafi yankin Tafkin Chadi da Sudan da Sahel kai tsaye. Amma talauci da ciwon suna ciyar da juna ne: rashi yana jawo damuwa, damuwa tana hana neman na kai, rashin ya ƙaru. Cewa a jira talauci ya ƙare kafin a yi jinya daidai yake da cewa kada a yi maganin kwalara sai an gama jawo ruwan famfo.

Wa ke biyan kuɗin giɓin?

Abin da gwamnati ta ƙi kashewa ba ɓacewa yake yi ba, gida yake komawa. Wani a cikin iyali, galibi uwa ko mata ko babbar ƴa, zai bar sana'a ko makaranta ya zama mai gadi. Ana sayar da akuya, sannan gona, ana zagaye daga wannan mai magani zuwa wancan, ta yadda idan aka iso asibiti daga ƙarshe aljihu ya riga ya bushe kuma ciwon ya yi shekaru yana kafuwa. Matar da ta kamu da ciwon bayan haihuwa takan ƙare da takardar saki. Yaron da ke da farfaɗiya akan cire shi daga makaranta saboda camfin cewa yawunsa yana yaɗa ciwon, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani yadda ya kamata. Masu lalura mai tsanani kuma suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin tsararrakinsu, yawanci da cututtukan jiki da ba wanda ya kula ya duba. A ma'aunin tattalin arziki, an ƙiyasta cewa damuwa da fargaba kaɗai suna jawo wa duniya asarar kusan dala tiriliyan 1 a shekara ta fuskar aikin da ba a yi ba, kuma wani nazari na 2016 ya nuna cewa kowace dala 1 da aka kashe a jinyarsu tana dawo da kimanin dala 4.

Sabuwar dokar Najeriya ta tanadi kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa, ta kuma ba mara lafiya haƙƙoƙin da tsohuwar ba ta san da su ba. Sai dai ƙananan asibitocin da talaka ke zuwa a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma jihohi ƙalilan ne, irin su Legas da Ekiti, suka yi tasu dokar. Ghana ta riga ta bi wannan hanya da dokarta ta 2012, wadda aka yaba wa a ko'ina, amma hukumar da ta kafa ta yi shekaru tana kukan rashin tsayayyen kuɗin gudanarwa. Saboda haka mai son ya san ko wani abu ya sauya a jiharsa zai iya dubawa da kansa: ko akwai layin lafiyar ƙwaƙwalwa a kasafin jihar kuma an saki kuɗin, ko inshorar lafiya ta jiha tana biyan maganin farfaɗiya da na taɓin hankali, da kuma ko ma'aikaciyar asibitin unguwarsu tana da lambar wayar wani ƙwararre da za ta kira idan aka kawo mata wanda ya kwana uku bai runtsa ba.